Rigunan aikin gayya: mu buga da dutsen guga ko mu kai ma masu sana'a?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Maganar rigunan da munka taɓa ga taron Lahadi ta. Aikin yashe magudanan ruwa na bana so muke a yi shi kamin ruwan farko ya sauka, don kun dai san yadda unguwar Mabera ta nan Sakkwato ka komawa in anka yi ruwa biyu masu ƙarfi. Mutum 40 sunka ba da suna. Shawarar da nike da ita mu sawo tishat marar rubutu ga Sabuwar Kasuwa, mu sawo takardar nan ta taransifa wadda aka buga ma zane ga firinta sannan a manna da dutsen guga, mu haɗu gida guda mu yi abinmu da kanmu. Kowa ya faɗi ra'ayinai amma don Allah banda sitika sai an gama.

Ma'aji: Wa alaikumus salam. Ni duk abin da zai rage kashe kuɗi ina bayansa, don ku tuna ba riga kaɗai za a saya ba, akwai shebur akwai manjagara akwai safar hannu, baro biyun da muke da su ɗaya tayarsa ta mutu, ga ruwan sha na ranar. Kuma har yanzu akwai waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, ba zan kira suna ba tukuna.

Gola: Ku yi haƙuri ni ban goyi baya ba. Mun taɓa yin irin wanga ga kulob ɗinmu, wani yaro yab buga muna lamba da suna da dutsen guga, randa anka raba kowa na ɗaukar hoto, anka yi 'yan wanki kaɗan sai ga lamba 8 ta koma 3, alƙalin wasa na neman mai lamba 8 babu shi cikin fili.

Ɗan Kafe: Hhhh Gola ai labarin nan har yau ana ba da shi. Amma bari in faɗi abin da na sani tunda firinta nake wuni da ita. Takardar taransifa ba iri ɗaya ba ce, kashi biyu ce, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga nan take farawa. Akwai ta fararen kaya da masu hasken launi, akwai ta baƙaƙe da masu duhu. Ta fararen kaya wata siririyar roba ce a jikinta wadda ake hango abin da ke ƙarƙashinta, ita ce ke narkewa ta riƙe tawadar a jikin zare. Ita dole sai an juya zanen kafin a buga, rubutun ya fito a baibai yadda yake fitowa a madubi, saboda kife ta ake yi a kan rigar, in ka manta sunan ƙungiya zai fito daga dama zuwa hagu kuma rigar ta tafi ke nan. Ta baƙaƙen kaya kuwa tana da farin shafi mai kauri, ba a juya zanen, ɓare bayan ake yi a ɗora ta fuska sama a rufe da takardar da ke zuwa cikin fakitin sannan a danna. Abin da ya sa aka raba su shi ne firinta ba ta da farar tawada, duk inda ka ga fari a hoto farin takarda ne kawai, to in ka sa ta fararen kaya a kan baƙar riga ba abin da za ka gani sai wani ƙyalli.

Sakatare: Tau ashe akwai karatu cikin abin. Ni bidiyon da nig gani minti guda anka gama riga.

Ɗan Kafe: Bidiyo ai yanke shi ake yi Yaya Sakatare. Kuma wani abu, akasarin takardun da ake sayarwa na firinta mai tawadar ruwa ne, irin su Epson ɗin nan masu tanki. Kar wani ya ɗauka ya kai wa mai fotokwafi ko firintar leza, waɗancan da zafi suke gasa garin tawada a jikin takarda, robar za ta narke a cikin injin ta manne, sai ka biya gyara. Ta leza daban ake sayar da ita, a duba jikin fakiti.

Maman Biyu: Kafin ku yi nisa, wane launi ma za a saya? Don ni ban ga yadda za a shiga kwata da farar riga ba.

Ma'aji: Baƙa mana Anti, ba ta nuna datti.

Gola: Baƙar riga ga watan Mayu cikin Sakkwato? Rana na wuce digiri 40 kana riƙe da shebur? Ma'aji kai ƙarƙashin dogon yaro za ka zauna da littahinka shi as sa.

Ɗan Kafe: Gola ya yi gaskiya a nan, kuma ba zafin baƙin ne kaɗai ba. Takardar baƙaƙen kaya kauri gare ta kuma iska ba ta ratsa ta, in aka buga cikakkiyar A4 a gaba ko a baya ji za ka yi kamar an manna maka leda a fata, zufa ta taru a ƙarƙashi ta rasa hanya. Sannan duk farin da ke kewaye da zanen sai an bi shi da almakashi an yanke tsaf, in ba haka ba farin akwati ne zai fito a kan baƙar riga. Tambari mai zagaye ko mai kusurwa huɗu da sauƙi, amma rubutu harafi-harafi wa zai zauna ya yanke na mutum 40?

Ɗalibin Danfodiyo: To a yi tsaka-tsaki, ruwan ɗorawa ko ruwan toka mai haske, datti bai cika nunawa ba kuma takardar fararen kaya za ta hau.

Ɗan Kafe: Za ta hau amma launi zai canza. Tunda robar ana hango ta, launin rigar haɗuwa yake da na tawada, shuɗin da ke tambarinmu in ya hau ruwan ɗorawa kore-kore zai koma, farin tauraron nan na tsakiya kuma ruwan ɗorawa zai zama. Baƙin rubutu ne kaɗai ba ruwansa. Ruwan toka mai haske ya fi dama-dama, sai dai komai zai ɗan dushe.

Mai Wanki da Guga: Salamu alaikum, sai yanzu nit tashi aiki. Na ga ana ta maganar dutsen guga ba a tambayi masu shi ba. Ku da kuka cewa a yi da na lantarki, wace wuta? Dutsen lantarki na jan wat dubu ko fiye, ƙaramin janareta bai ɗaukar shi, da ka jona sai ya fara tari ya mutu. In anka kawo wuta kun yi riga shidda anka ɗauke fa? Ni da na gawayi nika aiki, ƙarfen zuba na, nauyi gare shi kuma gindinai shafe yake babu hudojin nan na tururi. In kun yarda ku kawo in danna muku.

Ɗan Kafe: Wallahi Baba Mai Guga ka taɓo abu biyu masu muhimmanci. Nauyi shi ne rabin aikin, ba goga ake yi ba dannawa ake yi da hannu biyu mutum ya sakar masa nauyin jikinsa, ka tsaya wuri ɗaya ka ɗaga ka matsa gaba, musamman gefuna da kusurwoyi don daga nan ɓarewa ke farawa. Kuma hudojin tururin nan duk inda suka zauna wurin bai samu zafi da matsi ba, shi ya sa za ka ga zane ya kama amma da 'yan ɗigo-ɗigon da suka tashi. Mai amfani da na lantarki ya juye ruwan ciki kaf ya kashe tururi, danshi da wannan roba ba sa shiri. Matsalar na gawayi ɗaya ce, ba ka san zafinsa ba. Na lantarki akwai ɗigogi a jikin abin murɗa zafinsa, ɗigo ɗaya wajen digiri 110 ne, biyu 150, uku 200, takardar fararen kaya na son can sama kusa da na uku. Na gawayi yanzu ya yi jawur anjima ya huce, riga ta farko ta ƙone ta biyar ba ta kama ba.

Mai Wanki da Guga: Yaro shaddar Alhazai nika gogewa da shi ta dubban kuɗɗi ban ƙona ba, hannu na sanin zahi.

Anti Tela: Baba ba wanda ya raina hannunka, amma shadda wucewa kake yi a kanta, wannan kuwa tsayawa za ka yi wuri ɗaya kana danne. Ga toka da tartsatsi, ɗaya ya faɗo kan tishat ya huda. Kuma teburinka bargo ne shimfiɗe ninki biyu, laushin nan shanye matsin zai yi.

Ɗan Kafe: Haka ne, katako mai sulɓi ake so ko tebur mai ƙarfi a shimfiɗa rigar filo guda ɗaya kawai. Irin teburin guga na zamani mai soso da raga ma bai yi ba. Kuma a fara goge wurin na 'yan daƙiƙu kafin a ɗora takardar don danshi da tamoji su fita.

Anti Tela: Ni inda nake so ku kula shi ne rigar kanta, don duk kun tafi kan takarda. Tishat ɗin kasuwa da yawa an rubuta auduga zalla a wuya amma in ka taɓa ka san akwai roba ciki. Ga yadda muke gwadawa, ka zaro ɗan zare daga cikin ɗinkin gefe ka kyasta masa ashana, in auduga ce warin takarda za ka ji kuma toka mai laushi za ta rage, in foliyesta ce narkewa za ta yi ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Amfanin sanin shi ne foliyesta ba ta jure zafin ɗigo uku, shatin dutsen zai fito yana ƙyalli kuma ba ya gogewa har abada, in ja ce ko baƙa kuma rininta kan taso da zafi ya shiga cikin farin zanen, bayan kwana biyu ka ga fari ya koma ruwan hoda. Sannan auduga tana shiga in ta sha ruwan farko, to in an manna zane kafin a wanke rigar za ta tsuke zanen bai tsuke ba sai ya yamutse ya fara tsagewa. A wanke su duka tukuna da sabulu kawai, kar a sa ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya, a shanya su bushe ƙayau. Kuma mai sayowa ya ɗaga rigar ya kalli rana ta cikinta, in yana hango mutane ya ajiye, a nemi mai nauyin yadi giram 160 zuwa 180 a kowace murabba'in mita in an rubuta.

Ma'aji: Wankin riga 40 kuma wa zai biya?

Mai Wanki da Guga: Wanga kam ba gardama nawa na, a yi mani ragi in yi muku ragi.

Maman Biyu: Yauwa ni yanzu a zo kan tamu. Cikin 40 ɗin nan mu mata 13 ne kuma ba wadda za ta fito da tishat a waje, hijabi za mu ɗora a kai, to tambarin da za ku manna a ƙirji wa zai gani? Kuɗinmu ya tafi a banza ke nan. Bara ma haka aka yi mana a wani taro aka raba riguna, tawa tana nan yara ke kwana da ita. Ni da za a ji tawa a saya mana falmaran ɗin nan marar hannu ta masu aikin hanya mu ɗora kan hijabi.

Anti Tela: Shawara ce mai kyau amma waccan raga ce ta foliyesta zalla, dutse mai zafi na hawa za ta narke. Abin da zan iya yi, a buga tambarin a kan farin yadin auduga da takardar fararen kaya, in yanka ɗaya-ɗaya in kalmashe bakin in ɗinka a jikin falmaran ɗin. Hasali ma ko maza in kun nace sai riga mai duhu wannan dabarar ta raba gardama, farin yadi ne ya ɗauki zafin ba rigar ba, launi ya fito yadda yake, kuma in ɗaya ya lalace ƙyalle ka yi asara ba riga ba.

Ɗalibin Danfodiyo: Kai Anti wannan dabara ta yi wallahi.

Gola: Sai mu koma 'yan firamare da bajo ga aljihu.

Maman Biyu: Kai dai Gola ba a taɓa yi maka daidai ba.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. Na ga zanen da aka turo jiya akwai rubutun Larabci a saman tambarin. Ina roƙon a cire. Riga ce da za a shiga kwata da ita, a shiga bayi da ita, a jefa ta cikin kayan wanki, bai dace a sa aya ko hadisi ko sunan Allah a jikinta ba. Sunan ƙungiya da na unguwa ya wadatar. Allah Ya ba da ladan aikin.

Sakatare: Allah gafarta Malam an cire in sha Allahu, ba mu yi tunanin hakanan ba.

Ɗalibin Danfodiyo: Tunda za a taɓa zanen ni ne na yi shi a manhajar zane ta Canva, ku bari in gyara gaba ɗaya. Wanda ke yawo a gurup ɗin nan kar a buga shi, WhatsApp na matse hoto in an tura shi a matsayin hoto, a waya ka ga ya yi kyau amma a takarda bakin haruffan zai fito da tsani-tsani. Zan fitar da shi hoton PNG marar bango, girman da za a buga a kan 300 dpi, wato kaifin hoton da bugu ke buƙata, in tura a matsayin dokumen. Kuma duk wanda zai buɗe shi a manhajar CorelDRAW ya duba ƙ ɗin da ke cikin Ƙungiya, wasu font ɗin ba su da haruffanmu masu lanƙwasa sai su sa akwati a wurin. Amma gaskiya ni ina ganin duk wannan takardar an wuce zamaninta, yanzu DTF ake yi. Inji ne ke buga zanen a kan wata leda har da farar tawada a bayansa, a barbaɗa garin gam a gasa, kai kawai ka karɓo ka ɗora kan riga a danna wajen digiri 150 zuwa 165 na daƙiƙa 10 zuwa 15 a ɓare ledar. Yana hawa auduga yana hawa foliyesta, fara ko baƙa duk ɗaya, ba yankan almakashi don iya zanen ne kaɗai ke mannewa. Da mita ake sayarwa, faɗin ledar manyan injina santimita 60, in tambarinmu santimita 9 ne shida za su jeru a layi, layi bakwai ya ba mu 42, ko mita ɗaya ba mu cika ba. In ba a samu mai yi a gari da farashi mai kyau ba a tura fayil Kano a sako mana a mota.

Ɗan Kafe: Lissafin nan haka yake a takarda ma. A4 santimita 21 ce da 29.7, tambari mai 9 guda shida take ɗauka, takarda 7 ta gama gaban kowa har da ragowar biyu. Inda kuɗi da wahala suke shi ne baya, kowace riga takarda guda sukutum, 40 ke nan banda na kuskure, kuma cikakkiyar A4 da dutsen hannu tana cin minti biyu zuwa uku ana danne, ka haɗa da daidaitawa da jiran dutse ya sake ɗaukar zafi da jiran ta huce, wuni guda ne cur kuma hannun da ya danna ta farko ba shi ne zai danna ta talatin ba, ƙarfi ya ƙare. Shi ya sa injin dannawa ya fi, farantinsa ya rufe zanen duka lokaci ɗaya, zafi ɗaya matsi ɗaya agogo na ƙirgawa.

Ma'aji: Injin nawa yake?

Ɗan Kafe: Ba saye za mu yi ba Ma'aji kwantar da hankalinka, masu buga lambar jesi da kofuna suna da shi, ka kai kayanka ka biya kuɗin dannawa kawai.

Gola: Su masu jesi ai fileks suka sa wa, me zai hana mu yi shi?

Ɗalibin Danfodiyo: Fileks leda ce da ake mannawa da zafi, launi ɗaya ne kowane nadi, inji ke yanka haruffan sannan a zauna da tsinke ana cire rarar da ke tsakaninsu, ya yi kyau ga lamba da suna manya-manya, amma tambarinmu mai ƙananan ganyaye sai ido ya yi ruwa. Kafin wani ya kawo sabilimeshan, wato bugun da zafi ke shigar da tawada cikin zaren yadi, shi ma a'a, sai farar foliyesta yake kamawa, a kan auduga wankewa yake.

Mai Sikirin: Ina ta karatu ina dariya. Ku yaran yanzu komi sai leda da gam. Riga 40 rubutu iri guda ai aikin sikirin na, tun kamin a haihi wasunku da shi aka yi. A ɗaure raga ga katako a fitar da zanen sau guda, a zuba tawada a ja da roba, riga bayan riga, in an ɗaura kamin la'asar an ƙare. Kuɗin fitar da ragar sau guda na, kenan duk yadda rigunan sunka ƙaru farashin kowace na sauka, ita ko takardarku ta arba'in kuɗinta guda da ta farko. Kuma iya haruffan ka ɗaukar tawada, tsakaninsu yadi na ziryan iska na shiga. Rigunan kamfen na 2023 da kuka gani har yau ga jikin 'yan kabu-kabu akwai waɗanda hakanan anka yi su, yadin ya mutu rubutun na nan.

Ma'aji: Baba talla dai ka zo yi.

Mai Sikirin: Talla ta mana, ina ɓoyewa? Amma ku kai ma wanda kunka ga dama, maganar dai ba ta canzawa. Abin da ba ni yi muku ƙarya kanai shi na tambarin ga naku, launi biyar gare shi har da wani mai dushewa daga kore zuwa shuɗi, kowane launi ragarshi daban kuma sai an daidaita su bisa juna, ga riga 40 bai biyan wahala. Ku maishe shi launi guda ko ku bar min baya kaɗai.

Ɗalibin Danfodiyo: Launi ɗaya kuma Baba? Kwana na yi ina haɗa shi.

Maman Biyu: Ƙanena daga nesa ba mai ganin ganyayen nan naka, sunan kawai ake karantawa.

Sakatare: Tau ni har yanzu ban ga an kashe maganata ba. In ƙaramin tambari na ga ƙirji, takarda 7, riga mai haske, dutsen guga na rufe shi duka dannawa guda, mi ar matsala? Kuma yaranmu sun koyi wani abu, gobe wani na iya maishe shi sana'a.

Ɗan Kafe: A ƙaramin tambari ba ni da ja, nan ne ma dutsen guga ke yin abin kirki. Sharaɗi biyu dai, tawadar firintata ta rini ce ba figment mai garin launi ba, irin wannan in ruwa ya taɓa ta tana iya zuba musamman ja da baƙi, figment ta fi jure wanki. Na biyu kulawa bayan an raba, a bar ta awa 24 kafin ta ga ruwa, a juya ta baibai in za a wanke, ruwan sanyi, ba bilic, ba jiƙawa a bari ta kwana a bokiti, ba cuɗa wurin zanen da hannu ko buroshi, a shanya a inuwa, in za a goge a goge ta baya.

Gola: Rigar da anka shiga kwatar Mabera da ita za ka ce kar a jiƙa kar a cuɗa? Ka san kalar ruwan nan kuwa?

Anti Tela: Nan kam Gola ya kama ku. Rigar walima ko ta yinin biki da za a sa sau ɗaya a ɗauki hoto takarda ta isa, amma wannan wanki mai tsanani za ta sha.

Shugaba: Assalamu alaikum 'ya'yana, na bi maganar tun daga sama. Kowa ya kawo hujja tai, amma duk da baki na. Ma'aji ka fitar da kuɗin riga ukku ruwan toka. Guda a manna mata takarda da dutsen guga, guda a sa mata wancan na ledar, guda Mai Sikirin ya buga. A ba Mai Guga ya wanke su irin wankin da za a yi musu na gaskiya, ba na lallashi ba, a turo hoto mu gani. Maganar mata kuma an karɓa, a yi musu falmaran.

Mai Wanki da Guga: Ranka ya daɗe an gama, za su sha wanki.

Sakatare: Jama'a ga hotunan gwajin nan na turo, an wanke kowace sau biyar ana shanyawa. Ta sikirin ba abin da yas same ta. Ta DTF ma lahiya lau, da injin wani mai jesi anka danna ta. Ta takarda tsakiyar na nan daram amma launin ya kwanta, jan ya ɗan zuba ga wuri mai haske, kusurwa guda ta sama ta fara tashi kuma in ka ja yadin kana ganin 'yan tsage-tsage. Ba ta yi muni ba gaskiya, amma kusa da sauran biyun an san bambanci.

Ɗan Kafe: Kusurwar nan in aka ɗora takardar gashin kek aka sake dannawa za ta koma. Kuma da an zagaye kusurwoyin da almakashi tun farko da ba ta samu bakin tashi ba.

Gola: Za ka bi mutum 40 gida-gida kana sake dannawa?

Shugaba: Ya isa. Gaba a sa tambarin ɗalibinmu da launukanshi da na ledar, baya sunan ƙungiya baƙi launi guda wajen Mai Sikirin. Na falmaran ɗin mata a manna bisa farin yadi Tela ta ɗinka, wannan ku yi shi da dutsen guga tunda Sakatare na son yara su koya kuma su mata ba cikin kwata za su shiga ba.

Maman Biyu: Baba wa ya ce ba za mu shiga ba? Bara mu muka kwashe rabin ledar da aka fito da ita.

Anti Tela: A turo min tambarin 15 ba 13 ba saboda kuskuren yanka. Kuma mai dannawa ya auna, na ƙirjin hagu kar ya gangara hammata, a ninke rigar biyu a fitar da tsakiya tukuna, babbar riga da ƙarama ba wuri ɗaya ake sawa ba.

Ma'aji: To kowa ya turo sayis ɗinsa kafin Alhamis da dare, M ko L ko XL, kar wanda ya rubuto min "daidai ni". Masu XXL ku sani taku ta fi tsada a kasuwa, za ku cika. Wanda bai biya kuɗin wata ba kuma ba riga, gobe bayan Isha zan sako sunayen.

Gola: L. Kuma a bar min wadda anka yi gwajin sikirin da ita.

Mai Wanki da Guga: Tana hannuna, sai an biya kuɗin wanki biyar.